Ihu Bayan Hari: Idan Siyasa Ta Karɓe Binciken Gazawar Tsaro, Wa Zai Koyi Darasin?

Mai Nazari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in buɗe tattaunawa a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda ƙasashe kan kafa kwamitin bincike bayan an kai musu hari, a kashe kuɗi da lokaci, a cika takardu, amma bayan 'yan shekaru masifar ta sake shigowa ta ƙofar da aka riga aka san a buɗe take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka aikin mai bincike shi ne ya nemo tsagar: ina take, yaushe ta fara, kuma me ya hana waɗanda suka gan ta su liƙe ta. Amma na lura cewa da zarar jam'iyyu sun karɓe binciken, sai a daina tambayar yadda abin ya faru, a koma neman wanda za a rataya wa laifin kafin zaɓe ya zo.

Zan kawo misalai biyu daga Amurka, domin ƙasa ɗaya ce mai tsarin mulki ɗaya, amma sakamakon ya sha bamban. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya hallaka mutane kusan 3,000, an kafa hukuma mai mutum 10 a ƙarshen 2002, biyar daga jam'iyyar Rifablikan, biyar daga Dimokurat, ƙarƙashin Thomas Kean da Lee Hamilton, kuma da yawansu tsofaffin gwamnoni ne da 'yan majalisa da suka riga suka sauka daga kujerunsu. A ranar 22 ga Yuli 2004, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, suka fitar da rahoto guda ɗaya wanda dukkansu suka sa wa hannu, ɗauke da shawarwari 41. Kafin shekarar ta ƙare an yi dokar da ta kafa ofishin babban daraktan leƙen asiri na ƙasa, domin a haɗa kan hukumomin da a da kowace ke ɓoye wa 'yar'uwarta abin da ta sani.

Na biyu shi ne harin Bengazi a Libiya, ranar 11 ga Satumba 2012, inda aka kashe Amurkawa huɗu, ciki har da jakada Christopher Stevens. Kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Thomas Pickering da Mike Mullen ya miƙa rahotonsa a Disamban wannan shekarar, ya ce tsaron wurin bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba, ya kuma ba da shawarwari 29. Amma a Mayu 2014 sai Majalisar Wakilai ta kafa nata kwamiti na musamman, wanda ya yi fiye da shekara biyu yana aiki, ya ci kusan dala miliyan 7, ya tsare Hillary Clinton, wadda ita ce sakatariyar harkokin waje lokacin harin kuma take neman takarar shugaban ƙasa a Dimokurat, wajen awa 11 tana amsa tambayoyi a Oktoba 2015, daga ƙarshe kuma kowane ɓangare ya fitar da rahotonsa daban. Ana cikin haka ne Kevin McCarthy, jigo a jam'iyyar Rifablikan mai rinjaye a majalisar, ya fito a talabijin yana nuna cewa kwamitin ya rage wa Clinton farin jini. Daga wannan rana, ko da kwamitin ya gano gaskiya, rabin ƙasar ba zai ƙara sauraronsa ba. To, shin akwai hanyar da za a koyi darasi ba tare da siyasa ta haɗiye shi ba, ko kuwa haƙura za mu yi cewa abu biyun nan ba sa rabuwa?

Ɗalibin Shari'a:

Wa alaikumus salam Malam. Misalanka daidai ne, amma ina ganin ka tsallake farkon labarin hukumar 11 ga Satumba. Gwamnatin George W. Bush ba ta so kafa ta ba tun farko, kuma sai da aka yi fiye da shekara ɗaya da harin, iyalan mamata suna matsa lamba, 'yan adawa a majalisa suna tayar da maganar, sannan aka amince. Hatta Condoleezza Rice, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sai da aka kai ruwa rana kafin aka yarda ta ba da bahasi a bainar jama'a a Afrilu 2004. Ke nan wutar siyasar da kake kuka da ita ce ta haifi hukumar da kake yabo.

Gwamnati mai ci ba ta da wani dalili na tona wa kanta asiri, sai idan akwai wanda zai ci riba da tonawar, kuma wannan mutumin shi ne ɗan adawa. Mu duba Kenya. Bayan harin cibiyar kasuwanci ta Westgate a Nairobi a Satumba 2013, inda mutum 67 suka mutu, shugaba Uhuru Kenyatta ya yi alkawarin kafa hukumar bincike, amma ba a kafa ta ba. A ranar 2 ga Afrilu 2015 aka kai hari jami'ar Garissa, aka kashe mutum 148. A wurina, bincike mai hayaniya da son rai ya fi shiru mai lulluɓe da rufa-rufa, domin mai hayaniyar aƙalla yana tilasta a fito da takardu, waɗanda wani mai hankali zai iya karantawa daga baya.

Mai Nazari:

Na karɓi wannan gyara, ɗan'uwa, kuma ba na cewa a cire 'yan adawa daga harkar. Abin da nake rarrabewa shi ne matsin lambar da ke tilasta a yi bincike, da kuma hannun da ke riƙe da alƙalamin rubuta sakamakon. Na farko aikin ɗan siyasa ne, kuma ya yi shi da ƙarfinsa. Na biyu kuwa, idan ya faɗa hannun wanda ke da zaɓe a gabansa, to tun kafin a kira shaida na farko an riga an san abin da rahoton zai ce.

Hajiya Malama:

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in kawo muku misalin da na fi ganin darasi a cikinsa, wato Norway bayan harin 22 ga Yuli 2011, inda mutum ɗaya ya tayar da bam a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo, ya kashe mutum 8, sannan ya wuce tsibirin Utoya ya kashe 69, yawancinsu matasa. Gwamnatin Jens Stoltenberg ta naɗa hukuma mai zaman kanta ƙarƙashin lauya Alexandra Bech Gjorv, ta kuma fitar da rahoto a Agusta 2012. Abin da ya sa rahoton ya yi tasiri shi ne, ya sauko har kan ƙananan abubuwa.

Ga ɗaya daga cikinsu. Mintoci kaɗan bayan tashin bam ɗin, wani mutum ya kira 'yan sanda ya ce ya ga wani sanye da kakin ɗan sanda riƙe da bindiga yana shiga mota, har ya ba da lambar motar. Wadda ta amsa kiran ta rubuta bayanin a wata 'yar takarda rawaya, ta kai teburin mai kula da ayyuka, takardar kuma ta zauna a nan kusan minti 20 ba wanda ya yi aiki da ita, alhali maharin yana kan hanya zuwa tsibirin. Da 'yan sanda na musamman suka isa bakin ruwa, suka yi wa ƙaramin jirginsu lodi fiye da kima, injin ya mutu, sai da suka koma cikin jiragen fararen hula. Titin da aka ajiye motar bam ɗin kuwa, tun 2004 aka ba da shawarar a rufe shi, shekara bakwai ba a rufe ba.

Ku lura, a cikin waɗannan abubuwa uku babu wanda ya shafi aƙidar wata jam'iyya. Ɗan majalisar da ke neman kanun labarai ba zai ɓata lokacinsa a kan 'yar takarda rawaya ba, domin ba za ta kayar da minista ba, amma a kanta rayuka suka rataya. Rahoton ya faɗi a fili cewa da an aiwatar da matakan da aka riga aka amince da su, da an hana harin Oslo. Shugaban 'yan sandan ƙasar ya yi murabus cikin 'yan kwanaki, firaminista kuma ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Ke nan an sami ɗaukar alhaki, amma bayan an tabbatar da abin da ya faru, ba kafin nan ba.

Tsohon Ma'aikaci:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, maganar 'yar takardar nan ta taɓa ni, domin na ga irinta da idona. Na yi shekaru ina kula da masu gadi a wata ma'ajiyar gwamnati da ba zan ambaci sunanta ba. Sau uku ina rubuta wa na sama da ni cewa batiran wayoyin oba-oba na masu gadin dare sun mutu, kuma fitilar katangar baya ta ƙone. Ko wace takarda ina da kwafinta, da hatimin ofishin da ya karɓa da kwanan wata. Ba a ce a'a ba, ba a kuma ce i ba, an dai ce ana jiran a saki kuɗi. Wani dare ɓarayi ɗauke da makamai suka hauro ta katangar bayan, mai gadin da ke can ya danna wayarsa ba ta kama ba, abokan aikinsa da ke ƙofar gaba ba su san abin da ake ciki ba sai da suka ji harbi. Mun rasa shi, magidanci mai 'ya'ya ƙanana.

Da kwamiti ya zo, na shiga ɗakin riƙe da fayil ɗina a hannu, ina jiran a tambaye ni a kan batir da fitila. Wallahi har na fito ba wanda ya buɗe shi. Rabin 'yan kwamitin suna so in ce shugaban ma'aikatar, wanda gwamnatin baya ta naɗa, shi ne ya hana kuɗin. Sauran rabin suna so in ce masu gadin barci suke yi. Ni kuwa abin da na sani shi ne, takardata ta bi tebur huɗu, kuma a kowane tebur akwai mai ikon cewa a jira, amma babu mai ikon cewa a saya. Wannan shi ne ainihin ciwon, kuma ba wanda ya rubuta shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne darasin da ma'aikata suka koya bayan haka. Ba su koyi gyara fitila ba, sun koyi daina rubutu. Umarni ya koma na baki, gargaɗi ya koma na waya, domin kowa ya ga cewa wanda sa hannunsa ke kan takarda shi ake kira gaban kwamiti. Bincike irin wannan yana barin ma'aikata ta fi makanta fiye da yadda ya same ta.

Injiniya:

Allah ya jiƙansa, Baba, ya kuma ba ka ladan riƙon amana. Abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne dalilin da ya sa harkar sufurin jiragen sama ta ɗauki wata hanya daban. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta binciken hatsarin jirgi ta ce manufar binciken ɗaya ce tak, wato hana aukuwar irinsa nan gaba, ba raba laifi ba. Idan akwai shari'a, kotu ce za ta yi, a wani zaure daban. A Amurka tun 1976 akwai tsarin da matuƙi ko mai kula da zirga-zirgar jirage zai kai rahoton kuskurensa a asirce, kuma hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ce ke karɓa, ba hukumar da ke da ikon ƙwace masa lasisi ba.

Amfanin haka a bayyane yake. Bayan jirage biyu sun yi karo a filin jirgin Tenerife a Maris 1977, mutum 583 suka mutu, da an tsaya a kan cewa babban matuƙi ya yi gaggawar tashi, da an rufe fayil. Amma masu bincike suka tambayi abin da ya sa na ƙasa da shi a cikin jirgin ba su dage sun tsayar da shi ba, da kuma yadda kalmomin rediyo suka rikitar da kowa. Daga irin waɗannan tambayoyi aka gyara lafuzzan sadarwa, aka kuma fara horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ja hankalin babba. Me zai hana hukumomin tsaro su sami irin wannan ofishi na dindindin, mai bincike bayan kowane hari, wanda abin da aka faɗa a gabansa ba za a kai shi kotu ko dandalin siyasa ba?

Ɗalibin Shari'a:

Injiniya, shawarar tana da kyau ga ƙaramin ma'aikaci, amma ina jin tsoron ta zama mafakar manya. Matuƙin jirgi yana cikin jirgin, idan ya yi sakaci ransa ne farkon tafiya. Shugaban da aka kawo wa gargaɗi ya yi kunnen uwar shegu ba ya cikin coci ko makarantar da za a kai wa hari. A Sri Lanka, hukumomin leƙen asirin Indiya sun fara aika gargaɗi tun 4 ga Afrilu 2019, da bayanin waɗanda ake zargi da irin wuraren da za a kai wa hari. Ranar 21 ga Afrilu, ranar bikin Ista, aka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal, fiye da mutum 250 suka mutu. A Janairu 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci tsohon shugaba Maithripala Sirisena ya biya diyyar rupi miliyan 100 daga aljihunsa, ta kuma ci tarar wasu manyan jami'an tsaro. Idan aka ce wa irin waɗannan mutane su zo su faɗi gaskiya ba abin da zai same su, me za mu gaya wa iyalan mamatan? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wanda ya karɓi rantsuwar kare rayuka dole ya amsa da sunansa.

Mai Nazari:

Misalin Sri Lanka ya fi ƙarfafa damuwata fiye da yadda ya rushe ta. Tun rikicin Oktoba 2018, lokacin da Sirisena ya yi yunƙurin tsige firaminista Ranil Wickremesinghe, mutanen biyu ba sa ga maciji da juna, har aka daina gayyatar firaministan zaman majalisar tsaron ƙasa. Wato gabar siyasa ba bayan harin ta shigo ba, ita kanta tana cikin tsagar bangon. Sannan bayan harin aka yi kwamitin majalisa, aka yi hukumar shugaban ƙasa, kowace ana kallonta a matsayin makamin wani ɓangare.

Game da hukunci kuwa, ina tare da kai, amma dole a bambanta abu uku: kuskuren wanda ya yi iya ƙoƙarinsa da kayan aikin da aka ba shi, sakacin wanda aka gaya wa ya ƙi motsawa, da ganganci na wanda ya ɓoye gaskiya bayan abin ya faru. Na farko gyara yake buƙata, na biyu sauka daga muƙami, na uku kotu. Binciken ɓangaranci yakan cuɗa ukun wuri guda, ya kira kuskuren abokin gaba cin amana, ya kira gangancin nasa ƙaddara. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Ɗan Jarida:

Ina so in amsa laifin da ya shafi aikinmu, domin mu ma muna da hannu. Bayan hari, abu mafi sauƙi shi ne a zaro takarda ɗaya daga cikin dubbai a ce ga gargaɗin da aka yi watsi da shi. Kowa ya san takardar da aka kai wa shugaba Bush ranar 6 ga Agusta 2001, mai cewa Bin Laden ya ƙuduri kai hari cikin Amurka. Ita ta cika kanun labarai, amma ba ta faɗi rana ko wuri ba. Gazawar da ta fi nauyi tana can ƙasa: hukumar leƙen asiri ta CIA ta san Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, biyu daga cikin waɗanda suka kai harin 11 ga Satumba daga baya, sun halarci wani taro a Kuala Lumpur a Janairu 2000, amma ba a sa sunayensu a jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai ƙarshen Agusta 2001, alhali sun riga sun shiga ƙasar, har sun zauna a San Diego. Labarin farko yana da fuskar shugaba, shi ya sa muke sonsa. Na biyu labarin yadda ofisoshi ke miƙa wa juna bayani ne, ba ya sayar da jarida, amma shi ake iya gyarawa.

Haka aka gani bayan kutsen da taron magoya bayan Donald Trump ya yi wa majalisar Amurka ranar 6 ga Janairu 2021. A ranar 28 ga Mayu aka nemi kafa hukuma mai zaman kanta irin ta 11 ga Satumba, ƙudurin ya sami ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, ya gaza kai 60 da ake buƙata. Sai aka koma kwamitin Majalisar Wakilai mai mutum tara, bakwai 'yan Dimokurat, biyu 'yan Rifablikan, wanda ɗaya ɓangaren ya kira bita-da-ƙulli tun daga farko. Amma akwai wani rahoto da bai sami yayatawa sosai ba, wanda kwamitoci biyu na Majalisar Dattawa suka fitar tare a Yuni 2021 da amincewar jam'iyyun biyu. Ya nuna cewa sashen bayanan sirri na 'yan sandan majalisar yana da labarin barazanar amma bai isar da shi ga waɗanda ke bakin ƙofa ba, kuma hanyar neman agajin dakaru tana da sarƙaƙiya. A Disamban shekarar aka yi dokar da ta ba shugaban 'yan sandan majalisar ikon neman dakarun kai tsaye. Sai dai farashin wannan haɗin kai shi ne, rahoton ya kauce wa tambayar abin da ya tunzura taron tun farko. Ni ban ga yadda za a ce wannan farashi ƙarami ne ba.

Mai Bibiya:

Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina so in ƙara misali ɗaya da ke nuna cewa sauya jam'iyya ba ya liƙe tsaga. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, lokacin mulkin PDP. Aka ɓata makonni ana jayayya a kan ko satar ta faru ma, kowane ɓangare yana zargin ɗaya da shirya makirci. Gwamnati ta kafa kwamitin gano gaskiya, ya miƙa rahoto a Yuni 2014, amma ba a wallafa wa jama'a cikakkensa ba. A Fabrairu 2018, ƙarƙashin APC, aka sace ɗalibai 110 a Dapchi, sai ga sojoji da 'yan sanda suna musu a fili a kan wanda ke da alhakin tsaron garin bayan an janye dakaru. Masu suka na 2014 su ne masu kare kai a 2018, masu kare kai na jiya kuma suka koma masu suka. Tambayoyin da suka shafi makarantar kwana da ke nesa da agaji, wa ake kira idan an ga baƙin motoci, minti nawa ake ɗauka kafin a iso, wa ke karɓar gari idan soja ya tashi, suna nan yadda suke, domin ba su da launin tuta.

Hajiya Malama:

Akwai kuma wani haɗari ko da binciken ya yi kyau, wato a koyi darasin harin jiya har ya rufe ido daga na gobe. Bayan harin masallatai biyu a Christchurch na New Zealand ranar 15 ga Maris 2019, inda aka kashe Musulmi 51, hukumar binciken da ta fitar da rahoto a Disamba 2020 ta gano cewa hukumomin tsaro sun tattara ƙarfinsu fiye da kima a kan barazanar masu iƙirarin jihadi, suka bar ta masu aƙidar fifita farar fata ba tare da kulawar da ta dace ba. Al'ummar da aka fi sa wa ido ita ce aka kashe a wurin ibadarta. Firaminista Jacinda Ardern ta nemi afuwa, gwamnati ta karɓi shawarwari 44. Jam'iyyun siyasa kan so abokin gaba guda ɗaya da magoya bayansu suka riga suka tsana, shi ya sa binciken da ke hannunsu ba ya cika tambayar ko akwai wata barazana da ba a kallo.

Mai Nazari:

Wannan ya kawo mu inda nake ganin yawancin darussa ke mutuwa, wato bayan an miƙa rahoto an kashe kyamarori. Hukumar bincike takan watse ranar da ta gama aiki, ba a kuma barin kowa da alhakin dawowa bayan shekara ya tambayi abin da aka aiwatar. Mutanen hukumar 11 ga Satumba sun fahimci haka, shi ya sa suka ci gaba da bibiya a ƙashin kansu, har a Disamba 2005 suka fitar da maki ga gwamnati da majalisa a kan kowace shawara, wasu kuma suka ba su makin faɗuwa. Abin lura shi ne, shawarar da ta fi shan wuya ita ce wadda ta taɓa majalisar kanta. Rahoton ya ce ma'aikatar tsaron cikin gida tana amsa kira daga kwamitoci da ƙananan kwamitoci 88, ya nemi a taƙaita su, amma 'yan majalisa ba su yarda su saki ikonsu yadda aka nema ba.

Jinkiri ma yana kashe darasi. Binciken Chilcot a kan shigar Birtaniya yaƙin Iraƙi an kafa shi a 2009, bai fito ba sai Yuli 2016, lokacin da masu yanke shawarar sun daɗe da barin mulki. Harin Manchester na 22 ga Mayu 2017 ya kashe mutum 22, motocin kashe gobara ba su isa wurin ba sai bayan fiye da awa biyu saboda ruɗanin sadarwa tsakanin hukumomi, dokar da ta tilasta wa wuraren taro shirin kariya kuwa sai a Afrilu 2025 ta tabbata, bayan mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan ta shafe shekaru tana fafutuka. Don haka idan za a ɗauki shawarar Injiniya, ni zan ƙara mata sharaɗi biyu: a ƙayyade wa binciken wa'adi, sannan doka ta tilasta wa gwamnati, ko wace jam'iyya ce, ta zo majalisa duk shekara ta faɗi shawarar da ta aiwatar da wadda ta ƙi, da dalilinta. A nan ne ɗan adawa zai yi amfani da haƙoransa a inda suke da amfani.

Tsohon Ma'aikaci:

Malam, da ka ambaci sadarwa sai na tuna abin da na karanta a kan yunƙurin kashe Donald Trump a garin Butler na jihar Pennsylvania ranar 13 ga Yuli 2024. 'Yan sandan yankin sun ga matashin tun kafin ya yi harbi, amma su da jami'an da ke tsaron ɗan takarar ba sa kan layin rediyo ɗaya, kowane ɓangare da cibiyar umarninsa, sai bayanin ya riƙa bi ta wayar hannu daga wannan zuwa wancan. Shugabar hukumar Secret Service mai tsaron shugabanni da 'yan takara, Kimberly Cheatle, ta yi murabus bayan kwana goma. Matsalar rediyon nan kuwa rahoton hukumar 11 ga Satumba na 2004 ya riga ya yi magana a kanta game da 'yan kwana-kwana da 'yan sandan New York, shekara ashirin kafin nan.

Ni fayil ɗina yana nan a akwati har yau, da takardun nan uku. Injiniya, ina so ka yi mini bayani a kan ofishin da ka ambata: idan ƙaramin ma'aikaci irina ya kai masa rahoton mataccen batir tun kafin a rasa rai, wa zai karɓa, kuma yana da ikon cewa a saya, ko shi ma zai ce a jira?